Yatsan da Siminti Ya Cinye

Dattijon da ke gabana a layin asibiti magini ne, ba sai an faɗa ba: siminti ya yi wa faratansa fari fat. Ya zo karɓar wa matarsa ranar ganin likita. Ma'aikaciyar ta nuna masa babbar kwamfutar teburinta, an lulluɓe ta da zane.

"Baba, wannan ta yi ritaya. Yanzu komai a waya ake yi. Buɗe taka."

Ga shi yana kwance wayar daga cikin leda har biyu. Ya ɗora babban yatsansa, ta ƙi buɗewa. Yana goge shi a riga, yana hura masa iska, yana sake ɗorawa a hankali kamar mai taɓa goshin jariri. Duk da haka ta ƙi. Aiki ya shafe zanen yatsan tas. Ina jin 'yarsa ce ta sa wa wayar makullin zanen yatsa don gudun ɓarayi.

Ma'aikaciyar ta ja tsaki. "A cire makullin nan a huta mana."

Ya rungume wayar a ƙirji.

"A'a, 'yata, kar ki ga laifinta. Amana aka ba ta. Ni ne na canja."