Kujerar Gaba ta Ɗari da Casa'in

Motar da zan ba da labarinta ba tawa ba ce, kuma rana ɗaya tak na taɓa shigarta. Ƙaramar motar Jamus ce mai ƙofa huɗu, launinta kamar shayin da madara ta yi wa yawa, irin wadda a garinmu ake kira ɗari da casa'in. Ta wani tsoho ce mutumin Samnu, wani ƙaramin gari da ke wajen Sabha, wanda kan kawo ta garejin da nake aiki a unguwar Mahdiya, cikin Sabha. Ni bakanike ne. Yayana, wanda muka baro Damagaram tare da niyyar wucewa arewa, shi ne mai wankin motoci a garejin. Mun tsaya a Sabha don mu ɗan huta, sai hutun ya zama zama.

Tun muna yara muka san irin wannan mota, don likitan garinmu yana da ita, fara. In ya ajiye ta a gindin darbejiya, Yaya sai ya yi ta kewaya ta, hannu a baya, kamar mai shirin tayawa. In mun koma gida ya fere karan dawa ya ƙera tata. Bai taɓa manta tsinken tsintsiya guda ɗaya a gilashin gaba ba, domin ita wannan mota sandar share gilashinta ɗaya ce, ba biyu ba kamar sauran. Sai ya ɗauko tsakuwa biyu, ya sa babbar a gaba ya ce shi ne, ya sa ƙaramar a baya ya ce ni ne. Na sha kuka a kan tsakuwar nan. Inna takan leƙo daga madafa ta ce ya bar ni in shiga gaba ko sau ɗaya, shi kuwa ya ce ƙane ba ya shiga gaba.

Tsohon nan na Samnu ya yi fataucin hamada da ƙuruciyarsa, har Agadas, don haka yana jin Hausa, irin ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Alhaji muke kiransa. Daga bakinsa na ji tarihin motar, kuma na ji shi har na haddace, don duk zuwa sai ya maimaita. Ya ce masu ƙera ta manyan motoci kawai suka saba yi, na shugabanni da attajirai, sai a farkon shekarun tamanin suka fito da ƙarama. Mutane suka yi dariya, suka ce jaririya ce. Amma ba su rage mata komai ba sai tsawo. Yakan kama hannuna ya goga yatsuna a fitilun baya masu gurbi-gurbi, ya ce an yi su haka ne don ko ƙasa ta rufe su haske ya sami wurin fita. Yakan buɗe ƙofa ya rufe, ya ɗaga yatsa ya ce mu saurara. Ƙarar ba ta da amo, dum take yi sau ɗaya ta yi shiru.

Samarin Sabha sun koma manyan motocin hamada masu buɗaɗɗen baya, kuma sukan yi masa ba'a cewa injinsa na gazuwal, wato dizal, sai an yi masa addu'a yake hawa tudu. Shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya dame shi ɗaya ne, komai na motar ya zauna yadda ya zo. In ka kawo masa kayan gyara na kwaikwayo, sai ya juya shi a hannu ya miƙo maka abinka. Sandar share gilashin kuwa tsohuwar safa ya sa mata, don ranar garin tana soya roba, ruwan sama kuma sai a shekara ba a gan shi ba. Ni dai a raina nakan ce tsufa ne.

Kuma ba mai shiga motar sai shi. Shi yake hawa da ita kan ramin gyara, in ana son a taka birki shi yake takawa. Yaya yakan wanke waje, ciki kuwa Alhaji ne ke gogewa da kansa. Duk da haka ba a taɓa gama wanki ba Yaya bai jingina da ƙofar dama ya ce, "Alhaji, yaushe za ka ba ni gaba?"

"Bukra," in ji tsohon. Gobe kenan da Larabci. "Bukra, in Allah ya so. Yau ƙafa naka da ruwa."

Su biyun su yi dariya. Haka suka yi ta yi har na daina jin abin a matsayin wasa, ya zama kamar gaisuwa.

Cikin sanyi Yaya ya kwanta. Wanda bai zauna a Sabha ba ba zai yarda da irin sanyinta ba, ga shi kuma aikinsa cikin ruwa yake. Tari ne ya fara, sai zazzaɓi, sai numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ya rasu da hantsi a ɗakinmu na haya, ina tsugune ina dafa masa ruwan shayi. Na juyo in tambaye shi ko in sa citta, na ga ya tafi. Na kashe wutar, na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da rawanina. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a kai. A unguwarmu ta gida kusan kowane zaure akwai wanda ya tafi arewa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba gawa, ba kabari, uwarsa ba ta san ko ta yi zaman makoki ko ta ci gaba da jira ba. Ranar da za mu taso Inna ta riƙe mu ta ce, "Duk abin da Allah ya yi, kada ɗayanku ya bar ɗan'uwansa a sarari." Don haka abin da nake nema bai wuce kabari ba, wanda zan iya gaya mata inda yake.

Abokan zamanmu suka taya ni wanka, wani tela ɗan Kano ya haɗa likkafani. Daga nan abin ya tsaya. Ba mu da takardun zama, waɗanda a can ake kira awrak, kuma in babu su kai gawa maƙabartar gari doguwar magana ce da ba wanda ya san ƙarshenta. Na bi direbobin da na sani. Wani ɗan Agadas da muke shan shayi tare ya gaya mini gaskiya.

"Ɗan'uwa, mai rai ina ɗauka ko nawa ne. Amma gawa babu awrak, in aka tsayar da ni a bawaba ni za a riƙe, da ni da mota."

Bawaba ita ce shingen bincike na kan hanya. Ban ga laifinsa ba. Wani kuma ya ce a jira rana ta faɗi a fita da shi bayan gari, a tona yashi, ai haka ake yi. Na ji maganar kamar ana zancen wani ne daban, har na kusa cewa to.

Ƙafafuna ne suka kai ni gareji, don ita kaɗai ce hanyar da suka sani. Na tarar da Alhaji ya kawo motar canjin mai. Ya dubi bayana ya ce, "Ina mai wanki?"

"Ya rasu ɗazu," na ce, kamar ina cewa ya tafi kasuwa.

Tsohon ya dafa motar. Ya yi salati, sannan ya tambayi inda za a rufe shi. Na ce ban sani ba, na gaya masa yadda ake ciki.

"Samnu," ya ce. "Wuri akwai kusa da baba nawa. Ni zan kai."

A nan ne kan bakanike ya yi aikinsa ba tare da na sa shi ba. Na kewaya na dubi but ɗin motar, na auna da ido. Gajere ne, kuma ba a iya huda shi ta ciki don tankin mai yana bayan kujerar baya. Na ce da ƙarfi, a natse, in aka ɗan lanƙwashe masa ƙafafu zai shiga. Ban taɓa jin Alhaji ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Mutum ne! Ba buhun dabino ba ne!" Ya yi huci, ya nuna kujerar dama ta gaba. "Kawo kile. Cire wannan."

Na ɗauko kile, wato sifana. Notinan kujerar ba a taɓa sa musu ƙarfe ba tun daga Jamus, baƙin fentinsu yana nan lafiya lau. Na tura kujerar zuwa baya na kwance notinan gaba, na jawo ta gaba na kwance na baya. Ɗaya ya ƙi, sai da na sa ƙafa, kilen ya zame ya ɓare fentin. Na dubi Alhaji, ya kau da kai. A ƙarƙashin kujerar babu komai sai ƙwallon dabino da ɗan yashi. Na rungumo ta na ajiye a inuwar bango, mai garejin yana tsaye yana kallo.

Muka shimfiɗa katako daga gaban mota zuwa kujerar baya, muka rufe shi da bargo. A ƙofar ɗakinmu aka fito da Yaya, aka shigar da shi kai a gaba, yadda ake ɗaukar mamaci. Ni na zauna a baya, na riƙe masa ƙafafu don kada ya zame. Alhaji ya rufe ƙofar dama a hankali. Daga ciki ƙarar ta fi taushi, abin da na lura da shi kenan.

Ban iya tuna abin da na yi tunani a hanya ba, ina jin ban yi ba. Na dai kalli safar nan tana kaɗawa a gilashi. Motar ba ta gudu, kuma ba ta girgiza, ramukan hanya ma sai dai ka gan su sun wuce. Wani wuri Alhaji ya miƙa hannu zai kunna na'urar ɗumama ciki, ya taɓa maɓallin, sai ya janye hannun ya mayar kan sitiyari.

A bawabar wajen garin Tamanhint wani saurayi mai bindiga ya tare mu. Ya san motar, ta girme shi, da murmushi ma ya nufo mu. Ya sunkuyo zai gaida Alhaji, ya ga farin ƙyalle a inda kujera ya kamata ta kasance. Ya dube ni, na dube shi. Alhaji ya yi masa magana da Larabci, gajeriya, na tsinci kalmar baƙo da kalmar Samnu. Saurayin ya jefar da sigarinsa, ya ja da baya, ya ɗaga mana hannu.

Bayan la'asar aka yi masa salla a Samnu, a bakin lambunan dabino, ruwa yana gudu cikin magudana a gefenmu. Dangin Alhaji da maƙwabtansa suka yi sahu, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Da aka gama na tsaya na riƙe wurin a kaina da kyau: gabas da katangar laka, kusa da wani dabino mai kai biyu. Mutane suna ba ni hannu suna ta'aziyya, ni kuwa abin da nake ji kawai sanyi ne a tafin ƙafa. Da za mu koma ma a baya na zauna, ga fili a gabana.

Washegari na mayar da kujerar. Na ɗaure notinan, na ce wa Alhaji zan nemo baƙin fenti in shafe inda ya ɓare. Ya sunkuya da ƙyar ya shafa wurin da yatsa, ya ce in bar shi haka. Sai ya ce in zauna in gwada ko ta kama. Na girgiza ta da hannu na ce ta kama, ban zauna ba.

Sai da na wanke hannu sannan na kira Inna. Na gaya mata kai tsaye, don ban san wata hanya ba. Ta yi salati. Ba ta yi kuka nan take ba, tambayoyi ta shiga yi ɗaya bayan ɗaya. An yi masa wanka? An yi, Inna. An yi salla? An yi, sahu cike. Akwai kabari? Na kwatanta mata katangar da dabinon, ta sa na maimaita.

"A me aka kai shi?"

"A mota, Inna. Irin ta likita, wadda yake yi da kara."

Ina jin kukan awakinmu ta cikin wayar.

"Ba dai a bayan mota kuka jefa mini shi kamar kaya ba?"

"A'a, Inna," na ce. "A gaba ya shiga. Ni ne a baya."