Shewar da Na Ji a Toranke

'Yata ta kai shekara huɗu bakinta bai buɗe sosai ba. Ruwa ta ce "uwa", shinkafa kuwa "kafa". Kullum da safe nakan zaunar da ita a tabarma, in ɗaga kofi ko ludayi in faɗi sunansa, ita ma ta gwada. Yayata kaɗai na gaya wa damuwata, har kuka na yi a ɗakinta a Gaya.

Ranar wani suna a Toranke, na kai yarinyar bayan madafi zan wanke mata hannu. Sai na jiyo Yaya ta bayan zana tana kwaikwayonta, "Uwa! Kafa!" Mata suna ta shewa. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni. Ai tana gane komai, furtawar ce ke mata wuya.

Na leƙa na ce, "Yaya, har da ke?"

Ta ce, "Haba, wasa ne fa."

Sati biyu yarinyar ba ta ce uffan ba, sai nuni da yatsa. Yanzu tana aji uku, bakinta ya buɗe, amma har yau in Yaya ta zo gidanmu, ɗaki take shigewa.