Ranar da Mujiya Ta Hau Motar Labbo

A shekarar 1978 Malam Barnabas ya fara sanin Labbo direba. An turo shi daga Zuru ya koyar a firamaren Giwa Tazo, ya sauka tashar Jega da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai. Motoci biyu ke lodin wajen Maiyama. Ɗaya ta cika har ana rataye a bayanta. Ɗayar a-kori-kura ce shuɗiya mai rufin tamfol, an wanke ta tsaf, ba kowa ciki sai direbanta, wani dogo mai ɗingishi.

Barnabas ya ɗora akwatinsa ya shiga gaba. Wani ɗan kamasho ya zo ya dafa ƙofa.

"Malam, baƙo ne kai ko? Sauko. Wagga mota mujiya ta taɓa ta."

Ya kwashe labarin ya ba shi, direban na ji. Bara, da la'asar, Labbo ya taso daga Maiyama da wansa Barau a gefe. Daidai wata kwalbati mujiya ta fito daga kogon kuka ta daki gilashin gaba, mota ta kauce ta faɗa kwari. Barau ko shurawa bai yi ba. Labbo ya yi wata huɗu a hannun masu ɗorin Aliero, ya dawo ya gyara motarsa, amma tun ran nan ko buhun albasa ba mai ba shi ya ɗauka.

A makarantar mishan an koya wa Barnabas cewa mujiya tsuntsuwa ce mai cin ɓeraye. Ya ce, "Ni dai na riga na zauna." Suka tafi su biyu. Wata uku cur, duk sanda zai shiga Jega, motar Labbo yake jira, shi kaɗai a gaba. Da mutane suka ga malamin makaranta bai mutu ba, sai wata tsohuwa mai daddawa, Gudiya, ta shiga baya tana salati. A hankali sauran suka biyo.

Labbo bai taɓa yi masa godiya ba. Dama shi ba mai magana ba ne. Mutumin Giwa Tazo ne, can motar ke kwana, kuma ita kaɗai ce mota a garin. Kullum da safe sai ya zagaya ta sau biyu yana duba rufi da ƙarafan tamfol, ko akwai gashi ko farin kashin mujiya. In ya gani, ranar ba fita, ko wane ne ya zo. Sai an wanke mota, an yi sadakar gero, ta kwana ta wayi gari. A shekara takwas sau biyar aka yi haka, Barnabas ya ƙirga, don kowane karo yakan tsokane shi.

Ran wata Talata a kakar 1986, da hantsi, Theresa matar Barnabas ta je bayan makaranta ɗibar kara, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Kafin a kira shi daga aji ƙafar ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta. Barnabas ya san macijin. In ba a kai ta asibitin Jega an yi mata allura ba, jinin ba zai tsaya ba.

Ya ruga gidan Labbo, ya tarar da mutane cirko-cirko daga nesa. Mujiya ce zaune a kan rufin motar, rana tsaka, fuskarta fara fat, ko motsi ba ta yi. Labbo na tsugune gindin katanga, hularsa a hannu.

"Labbo, Theresa ce. Kububuwa."

"Malam, kai ma ka gani da idonka." Labbo bai ɗago kai ba. "Ba gashi ba ne yau, ba kashi ba. Ita ce da kanta. In mun tahi, mu uku za a kwaso."

"In ba mu tafi ba, ita za a binne kafin magariba."

Barnabas ya ɗauki hoge ya jefa. Mujiyar ta yi ƙasa ta bayan motar, ba wanda ya ga inda ta bi. Can Labbo ya tashi ya shiga gida, ya ɗan jima, ya fito da makulli.

Aka sa Theresa a gaba tsakaninsu, kanta a kafaɗar mijinta. Ba wanda ya yarda ya raka su. Labbo ya kai hannu ya juya madubin ciki ya kalli sama, sannan ya tayar da mota.

Sun hau babban titi ke nan Barnabas ya ji ƙarar karce a bayansa, kamar farce a kan kwano. Ya ce a ransa igiyar tamfol ce. Aka sake. Ya waiga ta ɗan gilashin da ke tsakaninsu da baya. Mujiyar tana nan cikin duhun tamfol, a kan benci, bai fi taƙi biyu da ƙeyar Labbo ba, ta karkata kai tana kallon Theresa.

Duk abin da aka koya masa a makaranta ya bi iska. Ya janyo mayafin matarsa ya rufe mata fuska, sai ya tuna gawa ake yi wa haka, ya yi sauri ya yaye.

"Tana nan, ko?" in ji Labbo, idonsa a kan hanya.

"Tuƙa dai."

"Na sani. Tun gida nike jin ta ga wuyana."

Suka wuce Maiyama. Kukar nan ta bayyana daga nesa, da kwalbatin a ƙarƙashinta. Ƙafar Labbo mai ɗori ta kama rawa, har motar na fizga. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wata babbar motar albasa ta ɓullo daga gaba, ta cinye rabin hanya, kuma a kan kwalbatin za su haɗu. A baya mujiyar ta fara bugun gilashi da fukafukai. Labbo na karanta abin da ya sawwaƙa, Barnabas na addu'a da harshen garinsu, Theresa kuwa numfashinta kawai ake ji. Babbar motar ta wuce da iskarta, har madubin gefe ya karkace. Sai ga su a ƙetare.

A ƙofar asibiti ma'aikata suka ɗauki Theresa. Labbo bai fito ba. Yatsunsa sun ƙage a sitiyari, sai da Barnabas ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Da mai gadi ya ɗaga tamfol, ba komai a ciki sai gashi guda a kan benci.

Kwana tara Theresa ta yi aka sallame ta. Labbo ya bar motar a Jega ta kwana uku, ya koma gida da ƙafa. Barnabas bai ƙara tsokanarsa ba, Labbo kuma bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu.

Bayan rasuwarsa ne, da Barnabas da Theresa suka je gaisuwa, Ramatu matar Labbo ta gaya musu abin da ya shiga yi cikin gida ran nan. Ya miƙa mata takardun mota, ya ce ta yafe masa, ya ce in an kawo gawarsa a sa shi kusa da Barau. Ta riƙe rigarsa ta ce to me zai kai shi. Ya cire hannunta a hankali ya ce, "Wata uku malamin ga ya zauna gaban motata, sa'ad da ba mai zama."