Rumbun da Bafulatani ya gina mana

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, faɗa ya ɓarke tsakanin ƙauyenmu, can bayan Tsafe, da Fulanin rugar da ke kusa da mu. Shanu ne suka shiga gero, samarinmu suka sassare su, makiyaya suka rama da wuta. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, har da ƙanen Baba. Lokacin ina aure a Bungudu, na zo gida ta'aziyya na tarar rumbunan unguwarmu duk sun zama toka.

Ranar sulhu, hakimi da arɗo suka ce duk wanda ya sa hannu ya miƙe ya faɗi abin da ya aikata a gaban waɗanda ya cuta. An sha kuka, aka yafi juna a gaban liman. Sannan aka yanke cewa mutanenmu su buɗe burtalin shanu da suka nome, Fulani kuma su gina rumbunan da suka ƙona, da hannunsu.

Wanda ya zo gidanmu wani dogon Bafulatani ne, wanda da bakinsa ya ce shi ya cinna wa rumbunmu wuta. Bai taɓa kwaɓa ƙasa ba. Baba ya zauna can gefe, fuska a ɗaure, ko sannu bai yi masa ba. Ginin ya tashi a karkace, kafin la'asar ya rushe. Ni da Inna muna leƙe ta zana, muna danne dariya.

Washegari Baba ya kasa haƙuri.

"Kai Malam, haka ake kwaɓi? Ina ciyawar?"

"Wallahi Baba, ni saniya na sani."

"Matsa ka gani!"

Baba ya naɗe wando ya shiga ƙasa, yana tattakawa yana yi masa faɗa, shi kuma yana "to, Baba". Da azahar Inna ta ce in kai musu tuwo. Na tambaye ta ko kwano biyu zan zuba, sai Baba ya ɗaga murya daga waje: "Ɗaya ya isa."

Rumbun ya tsaya, ko da yake wuyansa ya ɗan noƙe. Bayan girbi Baba ya aika ruga cewa mutumin ya kawo shanunsa su ci kara a gonarmu. Ya zo da matarsa ɗauke da ƙwaryar nono, Inna ta kirɓa fura, muka yini ana hira.