Ranar da Aka Karɓe Katin Yaya

Daga gidanmu a unguwar Shagwa zuwa Babbar Kasuwa babu iyakar ƙasa. Na fara da wannan ne don kada wanda bai san Njamena ba ya ɗauka ƙetare muka nufa. Iyaka tana can wajen gada, inda ake haye kogi zuwa Kamaru. Mu shago za mu, inda ni da yayana muke sayar da ƙusa da kwaɗo da sakatar ƙofa tun muna samari. A kan wannan hanya muka yi furfura.

Shingaye sun yawaita ne bayan shekarar da aka kai hare-hare cikin gari. Ban yi ƙorafi ba a lokacin, don na yarda gari yana bukatar tsaro. Kuma binciken yana da tsarinsa. Da farko jandarma, jami'in tsaro mai kaki irin na soja, zai ɗaga hannu, direban kar, wato ƙaramar motar haya da muke shiga, ya gangara gefe. Sai a ce kowa ya sauko. Maza su yi layi, kowa da katinsa na ɗan ƙasa a hannu. A duba hoto, a duba fuska, a ce wuce. Wanda aka ji Hausa a bakinsa akan ƙara masa tambaya, saboda haka da mun hango shinge sai mu koma Larabci, wanda dama da shi muke ciniki. Wani shingen yakan yi wata a wuri ɗaya, wani kwana biyu ya tashi. Ba a taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Katina yana cikin leda a aljihun gaba, shi kaɗai. Na sha gaya wa Yaya ya yi haka. Shi kuwa nasa a naɗe yake cikin takardar kakanmu.

Dole in bayyana wannan takarda. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, zamanin Turawa, da niyyar aikin hajji. Aka ba shi takardar tafiya mai hatimi, da rubutun Turanci da na Larabci. Da ya iso nan guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi aikin damina ɗaya. Damina ɗaya ta zama biyu, ya yi aure, aka haifi babanmu. Har ya rasu bai taɓa cewa ya fasa ba. In an tambaye shi sai ya ce yana kan hanya. Ya bar wa babanmu takardar, babanmu ya bar wa Yaya. Al'adar gidanmu ke nan, kuma akwai gidaje irin namu a unguwa: babban ɗa shi ke riƙe takardar a jikinsa, ba a akwati ba, domin niyyar tana nan, tana jiran wanda zai ƙarasa. Bayan Alƙur'ani, Yaya bai san abin da ya fi ta daraja ba. Da ya sami katin ɗan ƙasa sai ya naɗe shi a cikinta don albarka. In mun doshi shinge yakan zaro katin tun muna cikin mota, ba jandarman da ya taɓa ganin takardar.

Ranar da abin ya faru da safe ne, shingen kuma sabo, a bayan wata kwana. Ba mu hango shi ba sai da mota ta tsaya. Yaya yana rungume da kwalin kwaɗuna. Jandarma yana bakin ƙofa yana cewa a yi sauri. Yaya ya sauko, ya laluba aljihu da hannu ɗaya, ya miƙa ƙunshin duka.

Jandarman matashi ne, dogo. Ya warware, ya zaro katin, ya duba hoto, ya duba fuska. Har ya miƙo masa, sai idonsa ya faɗa kan takardar. Ya buɗe ta a hankali, don ta yi laushi, ta fara rabuwa a wurin ninki.

Da Larabci aka yi maganar. Ga ta da Hausa yadda na riƙe ta.

"Baba, wannan kuma ta mece ce?"

Da Yaya ya ce addu'a ce, da mun wuce. Amma a duk rayuwarsa ba a taɓa tambayarsa takardar nan bai ji daɗi ba. Ya ajiye kwalin a ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Shef, ranka ya daɗe, takardar kakana ce. Da ita ya taso daga Kano zai je Makka. Ga hatimi nan, duba."

"Ya je?"

"Ba mu isa ba tukuna. Muna kan hanya."

Wani mai kifi da ke bayana a layi ya ce, "Kai, Baba, wannan sauri haka! Kaka, uba, jika, har yanzu ba ku wuce Shagwa ba? Ku dai bi a hankali kada ku yi tuntuɓe."

Aka kwashe da dariya. Yaya ya yi, jandarman ma ya yi. Na ɗauka an gama.

Sai jandarman ya ce, "To, mai kan hanya. Ga takardar Najeriya, ga katin Cadi, duk a ƙunshi ɗaya. Wanne ne naka?"

"Duka biyun, shef."

"Wa ya sayar maka da katin?"

"Sayarwa? A nan aka haife ni. A nan aka haifi ubana. Kakan ma a nan yake kwance."

"Da bakinka ka ce wucewa kake yi. Kowa ya ji."

Ya ninke takardar kakanmu da kyau, ya ba Yaya da hannu biyu. Ya ce, "Riƙe abinka, Alhajin gobe, wannan ita ce takardarka ta gaskiya." Katin kuwa ya sa a aljihun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Ya ce za a bincika, Yaya ya zo ofis.

"Wane ofis, shef?"

"Ofis. Na gaba!"

Ni ne na gaba. Ya duba katina, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya, ya miƙo mini. Na ce, "Shef, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In nawa na gaskiya ne, nasa ma na gaskiya ne."

Ya dube ni ya ce, "In kuma nasa na jabu ne fa? Ba ni naka in haɗa su, a bincika tare."

Na mayar da katina aljihu. Na ɗauki kwalin kwaɗunan na shiga mota, Yaya ya biyo ni. Haka aka yi, ban rage ba ban ƙara ba.

Ba a ba mu ko guntuwar takarda da ke nuna an karɓi katin ba, ba mu kuma san sunan jandarman ba. Washegari muka koma kwanar, babu shinge. Daga nan na tsara yadda za mu bi abin, ɗaya bayan ɗaya.

Muka fara da kwamisariya, ofishin 'yan sanda mafi kusa. Suka ce shingen ba nasu ba ne, mu je wurin jandarmomi. Muka je. Wanda ke kan tebur ya jawo wata durowa cike da katunan mutane, ya juya su da yatsa kamar mai tsince gyaɗa. Babu na Yaya. Ya ce mu dawo gobe. Mun dawo sau huɗu. A na huɗu ya ce wa ya sani ko Baba ya yar da katinsa ne yana neman ɗora wa hukuma.

Sai na ce a bar tsohon, a nemi sabo. A ofishin katin magatakarda ya tambayi yadda aka yi na farko ya ɓata. Na riga na gaya wa Yaya ya ce ya faɗi a kasuwa. Da aka zo wurin, ya ce shi ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba, ya ba da labarin tun daga Kano. Magatakardan ya ajiye biro. Ya ce tunda akwai shakka a kan asali, sai an kawo takardar haihuwar ubansa. Babanmu kuwa ba shi da ita. Kakanmu bai kai shi an rubuta ba, ya ce me za a rubuta yaron da zai tashi a Makka. Lokacin da aka yi mana katunanmu na farko, dattawa biyu na unguwa ne suka tsaya suka yi shaida, aka yarda. Dukansu sun rasu. Wanda ya rage cikin masu sanin babanmu tsoho ne da ba ya ji sosai, shi ma jikan mahajjaci ne, shi ma da takardar kakansa a aljihu. Magatakardan ya ce shaidar irinsa ba ta shiga.

A hanyar gida na yi wa Yaya faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, kai ka ja mana. Sau nawa na ce ka raba su? Kuma me ya kai ka cewa muna kan hanya a gaban mai bindiga?"

Ya ce, "To, ba a kan hanyar muke ba?"

"A Shagwa muke. Shekara sittin kana shan ruwan kogin Shari."

"Ruwan daban, niyya daban, ɗan'uwa. Ban san gwamnati tana binciken niyya ba."

Wata maƙwabciyarmu da ke buga takardu a ofishin lauya ta ji labarin. Ta ce doka ba ta yarda a karɓe katin mutum a titi ba tare da an ba shi shaida ba, kuma tsohuwar takarda a aljihu ba laifi ba ce. Ta rubuta mana koke da Faransanci, ta gaya mana inda za mu kai. Na yi lakwal, makarantar Faransanci, shekara biyar, na karanta shi, ya yi kyau ƙwarai. Muka sa manyan riguna muka je. A bakin ƙofa mai gadi ya ce ba a shiga sai an ajiye katin ɗan ƙasa. Na ce ai a kan katin muka zo. Ya ce shi ƙofa aka ba shi, ba dalili ba. Na ajiye nawa na shiga, Yaya ya zauna a gindin katanga. A ciki aka karanta koken aka miƙo mini, aka ce mai koke shi ke kawo kokensa da kansa. Na fito na gaya wa mai gadi. Ya ce to ya kawo kati ya shiga.

Duk wannan lokaci Yaya bai daina zuwa shago ba. Makon farko ya wuce lafiya. A na biyu aka sauke shi, aka zaunar da shi a bakin kwalta da sauran marasa takarda, aka ce su cire takalma don kada wani ya gudu. Yana nan cikin rana har azahar, mutanen da suka saba sayen ƙusa a wurinsa suna wucewa a mota suna kallonsa. Na tsaya daga nesa ina jira. Karo na gaba aka loda su a bayan mota, sai da la'asar na gano inda aka kai shi. Masu kalando, babur ɗin haya, suka daina ɗaukarsa da suka ji ba shi da kati, don gudun a haɗa da babur ɗinsu. Sai ya koma tafiya a ƙafa ta lunguna. Kwana tara ya yi yana haka, gwiwarsa ta kumbura.

Maƙwabcinmu a kasuwa mutumin Damagaram ne, mai sayar da igiya. Yana da katin baƙi daga ofishin jakadancin ƙasarsu, yana nunawa ya wuce kowane shinge. Ran da Yaya ya iso yana ɗingishi, ya ce, "Malam, wahalar ta isa. Zo in kai ka garinmu a yi maka takarda, ka dawo cikakken baƙo kamar ni. Ka ga ni ba a taɓa cire mini takalmi ba."

Wasa yake yi, sun saba tsokanar juna. Amma Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "In zama baƙo a garin da na binne uwata?"

Mai igiya ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ya koma rumfarsa.

Bayan wannan Yaya ya ce zai huta mako ɗaya gwiwa ta sace. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ya daina fita ko'ina sai masallacin unguwa. Aka yi sunan jikarsa a unguwar Guji, ya shirya tun safe, ya zo bakin titi, ya ga jandarmomi sun tsayar da wata kar, ya juya gida. Ni na je na ce ba ya jin daɗi.

Na ci gaba da leƙa ofishin jandarmomi duk ranar Litinin kafin in buɗe shago. An canza na kan tebur sau biyu. Na ƙarshe ya ce katunan da suka daɗe an kwashe su, bai san inda aka kai ba. Ya dubi nawa da na ajiye masa, ya nuna mini ranar ƙarewarsa da farce, ya ce in shirya takardun ubana tun yanzu. Ban gaya wa Yaya wannan ba.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, ya kira ni ɗakinsa. Ya ciro makullinsa na shago daga zaren da yake ɗaure shi, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Ya ce gobe in kwaso masa abin da yake nasa a can: butarsa, dardumarsa, kofin shayinsa, da tabarau. Na ce, "Yaya, a bar su. Akwai ofis ɗaya da ban gwada ba."

Ya ce, "Wanne?"

Washegari na zuba su a buhu na kawo masa. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a gefen gado. Ya tambaye ni ko ana tambayarsa a kasuwa. Na ce ana yi. Da farko kam ana yi.