Illiassou, Mai Kallon Zancen Tsuntsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, ina buɗe kantina a unguwar Goutte d'Or, Raliatou ta kira ni daga Lyon ta ce Allah ya karɓi ran mijinta, aminina Dokta Illiassou Saley, bayan ciwon zuciya. Na zauna kan buhun shinkafa.

Illiassou, mun sha yi maka dariya, kai ma ka sani. Duk watan Yuni sai ka bar ɗakin bincikenka na Lyon ka tafi can ƙarshen arewacin duniya, inda rana ba ta faɗuwa, ka kwanta rub da ciki a ƙasa mai sanyi, wai kana kallon yadda tsuntsayen bakin ruwa ke neman aure. Ba ka taɓa jin haushi ba. Sai ka ciro waya ka nuna mana mazansu sun hura gashin wuya kamar masu babbar riga, suna tsalle suna durƙusawa, macen kuwa tana yawonta kamar ba da ita ake ba. Ranar da ka ce su ne masu ruwan tokar nan da muke kora a tafkin Madarunfa muna yara, ban yarda ba sai da ka rantse.

Haƙurin da ka koya a kwancen nan, mu muka ci moriyarsa. Ɗalibai nawa suka sauka a falonka na Saint-Fons, gefen Lyon, kafin su sami ɗaki? Ba ka taɓa tambayar ɗayansu ranar tashi ba.

Rasuwarka ta bar mu da magana mai nauyi. Yayanka Alhaji Moctar ya ce a kai gawarka Maraɗi kusa da mahaifinku. Raliatou ba ta musa ba, kuka kawai take yi, don ɗiyanku Walid da Mardiya a nan aka haife su, kuma suna son kabarin da za su iya ziyarta. Ba ka bar wasiyya ba, sai aka ce ni in yi magana.

Na kira Alhaji ta waya na ce, "Alhaji, abu ɗaya na ji daga bakinsa. Ya ce namijin tsuntsun nan, da ya gama rawarsa sai ya tashi ya bar macen da ƙwai. Ya ce yana son kallonsa, amma Allah ya tsare shi da halinsa."

Alhaji ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Rabi'u, ku bar shi wurin ɗiyansa."

Mun rufe ka a Lyon, Walid ne ya fara zuba ƙasa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Raliatou, Alhaji, da dangi na Maraɗi, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya waɗannan yara a kan kirkin ubansu. Amin.