Reshen Darbejiyata da Farantin Alhaji

"Malam, reshe ɗaya kawai za a sare," in ji Alhaji Sule, maƙwabcina a nan Tudun Wada, yana nuna darbejiyar ƙofar gidana.

Da ya sayar da shinkafar bana, ya sayo ƙatuwar talabijin shafaffiya, da dikoda, da sola da batura, aka kafa masa farantin tauraron ɗan'adam a kan katanga. Hoto tangaran, har zufar mai karanta labarai kana gani. Amma da iska ta kaɗa, sai reshena ya tare farantin, hoton ya daskare.

A da, a gindin bishiyar nan nake fito da tsohuwar talabijin ɗina bayan la'asar, mutanen unguwa su kewaye ni ina fassara musu labaran Turanci. Ni na je jami'a, Sule kuwa a aji uku ya gudu daga firamare. Yanzu mutanen duk sun koma zaurensa.

Na ce, "Alhaji, tawa mai eriya a kan gora ba ta taɓa kuka da bishiyar nan ba."

Ya yi dariya. "Taka ai yayyafi take nunawa, Malam. Ka taho wajenmu, akwai kujera. Tashoshin Hausa ne, ka huta da fassara."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi.

Na ce zan yi shawara. Tun ranar, duk sanda iska ta taso sai in ji sanyi a raina.

Jama'a, haƙƙin maƙwabtaka ya kai har kan reshe?